Kwanciyar Inna da Rana Tsaka

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" take cewa, ko ta ce wa ƙannena, "Ku kira min waccan." A hannun kakata ta wajen uwa na girma, a wani ƙauye gaba da namu kaɗan ta hanyar Bagwai. Sai bayan rasuwarta na dawo gida, kuma ban jima ba na sami gurbin karatu a jami'a, can wajen Rijiyar Zaki. Saboda haka ni da Inna irin sanin maƙwabta masu mutunci muka yi wa juna. Muna gaisawa, ba ma haɗa ido.

Da na zo hutun damina a shekarar da ta haifi autanmu, a tanƙware na same ta. Bayanta ne ya riƙe tun daga haihuwar. Bayan arba'in ta yi makonni a kwance, har matan unguwa suka yi ta zuwa dubiya, wasu suna fita suna girgiza kai. Ta tashi daga baya, amma ba ta koma yadda take ba. In ta sunkuya wanke-wanke, ba ta miƙewa sai ta dafa bango. Taɓarya ta gagare ta. In ta goya yaron sai in ga ta cije leɓe har ta gama ɗaura majanyi.

Na san inda irin wannan yake kai mutum, domin ni na riƙa jan kakata a shekarunta na ƙarshe. Ta lanƙwashe kamar lauje, ƙasa kawai take gani, mutane ma da ƙafafunsu take gane su. Wata rana na ji Inna tana gaya wa wata maƙwabciyarmu ta kan danga, "Ba ciwon nake tsoro ba. Tsoro nake kar in ƙare kamar tsohuwa, ga yaran nan ko ɗaya bai iya ɗora tukunya ba." Ta manta da ni a lissafin, ko kuwa kunya ta sa ta tsallake ni.

Baba ne ya ce in raka ta asibiti. Muka tarar da wata ma'aikaciya mai fara'a da yawan magana. Ta danna bayan Inna nan da can, ta ba ta 'yan ƙwayoyi, sannan ta ce ƙwaya ba za ta warkar da wannan ba. Ta shimfiɗa tabarma a ƙasan ofishinta, ta cire takalmi, ta durƙusa a kan gwiwa da tafin hannu, tana ɗaga baya tana saukewa.

"Sunansa yoga," ta ce. "Kar sunan ya tsorata ki, Mama. Miƙa ce da numfashi."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. "Ba tsafi a ciki?"

"Kyanwar gidanku in ta tashi daga barci ta yi miƙa, tsafi take yi?"

"Ai kyanwa ba ta da 'ya'ya a tsakar gida suna kallonta."

"To ki nemi inda ba sa kallo. Kullum za ki yi, ko kaɗan ne. In kika ce sai kin sami lokaci, bayan nan zai riga ki tsufa."

Ta tura min wani bidiyo a wayata, wata mata ce a kan shimfiɗa tana bayani da Turanci, ta ce in riƙa fassara wa Inna. Da muka gaya wa Baba, ya ce, "In dai magani ne, a yi. Amma kar in ji zancen a majalisa." Shi ya sa daga mu sai mu muka sani.

Neman lokacin ya fi miƙar wuya. Inna tana tashi tun kafin kiran assalatu. Koko, shara, wankan yara, awaki, sannan babbar tukunyar 'yan gona, domin lokacin noma ne. Bayan azahar kuma ga suyar ƙuli-ƙuli da take yi na sayarwa, ga tuwon dare. Na zauna na lura da yininta kamar yadda nake lura da jadawalin karatu, na ga rami ɗaya ne tak a cikinsa: bayan yara sun tafi kai abinci gona, kafin ladan ya kira azahar. Rana tsaka ke nan, lokacin da inuwar mutum take shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. A garinmu tsofaffi ba sa son wannan lokaci. Ba a zuwa gindin tsamiya, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa ba bisimilla, ba a barin jariri shi kaɗai. Kakata takan ce a lokacin ba mu kaɗai ne a gari ba.

Wurin da Inna ta zaɓa ɗakin ajiya ne, wani tsohon ɗakin ƙasa mai daɓe, da buhunan gero a gefe. Ko ana zabga rana a waje, cikinsa da sanyi kamar gindin randa. Siriri ne, mutum ba ya iya miƙewa a ciki sai kansa na kudu, ƙafafu na arewa. Akwai miƙar da ta yi kama da ruku'u, akwai wadda ta yi kama da sujada. Waɗannan Inna takan karkace ta ba gabas baya kafin ta yi su. Ta ce ba ta so mala'iku su rubuta mata salla ba alwala.

Ni ina bakin ƙofa da yaron a cinya, waya a hannu, ina faɗa a hankali ba tare da na kalle ta ba. Ja numfashi. Sauke. Ɗaga baya. Ban taɓa ba Inna umarni ba sai a nan. Ita ma bango take kallo, kamar daga can maganar take fitowa.

Abu na ƙarshe a bidiyon shi ne kwanciya. Mutum ya kwanta rigingine, hannaye a gefe, tafukan suna kallon sama, ya saki komai, kar ya motsa ko yatsa. Na ga sunan da ake kiran wannan kwanciya da shi a ƙasan hoton, kwanciyar gawa. Ban fassara mata ba.

Ita ce kuma ta fi so. Ƙudan damina suka dame ta, sai ta samo wani tsohon zane da ya koɗe har ya koma fari, ta riƙa lulluɓa daga ka har idon sawu. Kukan awaki da hayaniyar maƙwabta suka dame ta, sai ta riƙa ɗaura ɗankwali ya rufe kunnuwanta, ta ƙulle a ƙarƙashin haɓa. Muka yi yarjejeniya ba ta tashi sai na matso na ce, "Inna, ya isa."

Na riƙa zuwa da littafi, amma ban cika karantawa ba. Zanen nake kallo. Da farko yana ɗagawa yana sauka a kan ƙirjinta. Can sai ya rage. Can kuma sai in zura ido, in riƙe nawa numfashin, kafin in ga ya motsa. Yaron, wanda da ya hango Inna yake rarrafowa yana kuka, a wannan lokacin ba ya zuwa. Yakan rarrafa har bakin tabarmar ya tsaya, ya zauna, ya ƙura ido, ba a kanta ba, sama da ita kaɗan, wajen kusurwar ɗakin. Na sha juyawa in duba. Buhu ne da yanar gizo.

In na ce ya isa, yatsun ƙafarta ne suke fara motsi, sai na hannu, sai ta juya ta kwanta a gefen dama ta ɗan jima, kamar yadda matar bidiyon ta koyar, sannan ta tashi zaune. A wannan ɗan lokaci kaɗai Inna take kallona ido cikin ido. Ba kunya a kallon, ba kuma sani. Kamar matafiyin da ya sauka a tasha yana duban wanda ya fara gani. Sai ta ƙifta ido, ta sunkuyar da kai, ta koma Inna.

Ƙanwata mai bi na, wadda ba ta da nauyin baki irin nawa, ta taɓa tambayarta, "Inna, barci kike yi a ciki?"

"A'a."

"To me kike yi?"

"Sauke ku nake yi."

Ciwon bayan ya fara sakinta. Kafin gero ya fitar da kai, na ji ƙarar daka wata safiya, na leƙo na ga ita ce da taɓarya.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa da kowa yake kira Gwaggo, ko da yake ba ta haɗa jini da kowa a cikinmu ba. Ita ce mai wankan gawar mata a garin. Doguwa ce, ba ta da ƙiba, tafiyarta ba ta da ƙara. Ana girmama ta, ana kai mata tuwo, amma yara ba sa karɓar abu daga hannunta, manya ma in ta zauna a wuri sai hira ta yi sanyi. In aka hango ta tana sauri da ƙwarya a hammata, ba a tambaya. A iya sanina ba a taɓa jin ta ce an yi rasuwa aka sake bincikawa ba.

Ranar da abin ya faru Baba ya tafi kasuwa Dawakin Tofa. Injin niƙan garinmu ya lalace, Inna ta ce in kai masara unguwar da ke gaba da fadama. Ta ce in tafi da yaron, za ta yi wanki, yau ba za ta shiga ɗakin ba tunda ba na nan. Na goya shi, na ɗauki kwano, na tafi. Na tarar da layi, na jima.

A hanyar dawowa gero ya fi ni tsawo ta kowane gefe. Iska ta ɗauke, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Gabas ta yi baƙi, hadari ya haɗu, amma a kaina rana ce ƙwal. Da na zo daidai maƙabarta na ji sara, ƙarar diga a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta tsakanin ceɗiyoyi na hango samarin unguwarmu, ɗaya ya shige rami har ƙugu, sauran suna kwashe ƙasa. Na ce a raina, Allah ya jiƙan musulmi, wa muka rasa kuma. Wanda yake cikin ramin ya ɗago, muka haɗa ido. Ya daina saran. Sai ya sunkuyar da kai, sauran ma duk suka juya min baya.

Gaba kaɗan na cim ma wasu mata biyu da mayafi, suna tafiya ba magana. A rana tsaka matan aure ba sa fitowa titi a garinmu sai da babban dalili. Na gaishe su. Ɗaya ta sa hannu ta sauke kwanon daga kaina ta ɗora a nata. Ɗayar ta fara kwance min goyo.

"Kawo shi, 'yar nan. Sannu. Sai haƙuri."

Na riƙe majanyin, ban ba ta ba. Ban kuma tambaye ta haƙurin me ba. Muka ci gaba da tafiya, su biyu suna gefena, har ƙofar gidanmu, inda na ga an shimfiɗa tabarmi maza sun fara zama.

Daga baya ne na haɗa yadda aka yi. Inna ta gama wanki da wuri, ta ga gida ba kowa, ta shiga ɗakin. Gwaggo ta shigo ta ƙofar danga neman aron rariya. Ta yi sallama ba a amsa ba. Ta ga ɗakin ajiya a buɗe, ta leƙa, ta ga mace a miƙe, kai kudu, an lulluɓe ta da farin zane. Ta ɗaga gefen zanen ta ga an ɗaure haɓa. Ta taɓa ƙafa ta ji sanyi. Kowa ya san Inna ta sha jinya. Gwaggo ta ɗauka ni na rufe ta na ruga neman mutane, har ta yaba min a ranta da na san a ɗaure haɓa. Wanda aka riga aka rufe, ba a tsayawa neman numfashinsa. Ta fita ta faɗa wa dattawan da ke gindin darbejiya. Su kuma suka dubi gabas suka ce a yi maza a haƙa kafin ruwa ya sauko. Aka buga wa Baba waya aka ce ya taho, jikin mai ɗakinsa ya tsananta, kamar yadda ake faɗa wa wanda yake kan hanya.

A tsakar gida mata sun jeru a jikin bango, ana salati ƙasa-ƙasa. Ba mai kuka da ƙarfi, Gwaggo ba ta yarda da shi. Babbar tukunyarmu tana kan murhu da ruwa a ciki. Wankin Inna yana kan igiya yana ɗiga.

Na san abin da ke cikin ɗakin. Na sha ganinsa. Abin da ya kamata shi ne in tsaya a tsakar gida in ce, ku tashi, miƙa take yi. Amma idanu sun yi min yawa, harshena ya yi nauyi. Sannan ga tukunyar, ga tabarmin, ga ramin da na gani da idona. Mutane da yawa haka sun yarda da abu ɗaya, ni kaɗai na san wani abu daban, sai na ji nawa sanin yana raguwa. Na tuna ta ce yau ba za ta shiga ba. Na tuna tun yaushe na bar gida. Ba ta taɓa kwanciya ko rabin haka ba.

Gwaggo tana bakin ƙofar ɗakin. Ta ce, "Ba a shiga da yaro."

Na raɓa ta gefenta na shiga da shi.

Sanyin ɗakin ya fi na kullum, ko kuwa ni na ji haka. Na durƙusa a inda na saba. Na zura wa zanen ido. Na jira ya ɗaga, bai ɗaga ba. Yaron a bayana ya yi tsit. Na ji matan sun taso sun cika bakin ƙofa, hasken ya ragu.

"Inna," na ce. "Ya isa."

Ba abin da ya motsa. Wata a bayana ta ce, "Allah sarki, ku janye ta." Na matsa har bakina ya kusa taɓa zanen.

"Inna, ya isa."

Babban yatsan ƙafarta ya motsa. Sai sauran. Sai yatsun hannu a ƙarƙashin zanen, ɗaya bayan ɗaya. A hankali ta juya ta kwanta a gefen dama, fuska gabas, ta tsaya a haka. Sannan ta dafa ƙasa ta tashi zaune da zanen a kanta.

Na ji gudu a bayana, da ƙarar kwano da aka yi tuntuɓe da shi. Maƙwabciyarmu ta kan danga ta bar takalmanta a nan. Gwaggo kaɗai ce ba ta gusa ba.

Inna ta janye zanen, ta kwance ɗankwalin, ta dube ni da wannan kallon. Sannan ta dubi bayana.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ke," in ji Gwaggo.

Ruwa ya sauko kafin Baba ya iso. Ya sauka daga babur a jiƙe, ya wuce mazan da suke ta ƙoƙarin yi masa bayani a zaure, ya shigo ya ga Inna tana kwashe wanki daga igiya da sauri. Ya tsaya a cikin ruwan yana kallonta. Ta ce, "Malam, ka shiga mana, za ka yi mura." Bai shiga ba. Ya zauna a kan turmi, ruwa na dukansa, har sai da ta kama hannun rigarsa.

Liman ya ce a mayar da ƙasar ramin, ba komai a ciki, kowa da ranarsa, kabari ba ya kiran kowa. Amma ruwa ya riga ya cika shi, sai washegari aka cike shi da laka. Tsofaffi ba su musa wa liman ba. Sun dai riƙa cewa da sunanta aka sara.

Da aka kwana biyu Baba ya kira Inna, ina jin su daga madafa.

"An gama wannan kwanciya."

"Malam, bayan nawa fa? Ka ga har daka nake yi."

"Na gani."

"To ko miƙar kaɗai, ban da kwanciyar."

"Duka. Ke ba ki san abin da na ɗauko a kan babur daga kasuwa zuwa nan ba. Gara in gan ki a tanƙware."

Ta ninke zanen ta sa a ƙasan adaka.

Garin ma bai koma daidai da ita ba. Yaran da ake aikowa sayen ƙuli-ƙuli suka ragu, waɗanda suka zo kuma a zaure suke tsayawa su miƙo kwano. Na ji wani yana kiranta wadda ta dawo. In ta yi sallama ta kan danga, sai an ɗan yi jim kafin a amsa. Ciwon bayan kuwa bai jira ba. Da farko da safe ne kawai. Daga nan na ga hannunta ya koma neman bango. Wata rana tana tafe daga rijiya da guga, na hango ta ta baya, na ga tafiyar kakata sak, har yadda take karkatar da kai don ta ga gabanta. Hutuna kuma ya kusa ƙarewa.

Gwaggo ba ta sake shigowa ba sai da gero ya fara nuna. Ta zo da rana tsaka. Ina tsinkar zogale a inuwa, Inna tana zaune ta jingina da bango. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Gwaggo ta zauna ta miƙe ƙafafu.

"Tun ina da ƙuruciyata nake wannan aiki," ta ce. "Ƙafafun da na taɓa ba sa ƙirguwa. Ranar nan ba kya nan."

"Ina nan, Gwaggo. Na ji hannunki."

"Kin ji?"

"Na ji sallamarki ma, can nesa. Na amsa a zuci."

"To me ya hana ki motsi, 'yar nema?"

Inna ta murza bakin zaninta. "Na san in na motsa wani abu za a ce in miƙo."

Gwaggo ta dube ta. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Ban taɓa ganin dariyarta ba, ashe ba ta da sauti. "Rariya ce," ta ce. "Rariya na zo aro."

"Kin gani."

"Daga baya fa? Gida ya cika da mata."

"Na ji kamar ana salati. Na ce ko a can nesa ne. Kuma waccan ba ta ce ya isa ba." Ta nuna ni da haɓa.

Gwaggo ta sa ni na nuna mata bidiyon. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta kalla har ƙarshe. Sannan ta ce wa Inna ta tashi ta taka ta gani. Inna ta dafa bango ta tashi. Gwaggo ta nufi zaure, inda Baba yake gyaran fartanya. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma mun ji.

"Ni na ɓata, ni zan gyara. Za ta koma kwanciyarta. Ni zan zauna a bakin ƙofa. Duk wanda ya leƙo, bakin da ya ce ta mutu shi zai ce masa da ranta."

"Gwaggo, ba na son in sake ganin..."

"Ba ka gani ba ai, ji ka yi. Ni na gani. Kuma na ga uwarta da aka kawo min ita, sai da muka sha wuya kafin ta miƙe a likkafani. Kana so a kawo min wannan a haka?"

Baba ya ajiye fartanyar. Gwaggo ce ta wanke mahaifiyarsa, ba ya iya ja da ita.

"A bar fuskar a buɗe," ya ce. "Kuma kar a ɗaure haɓa."

Washegari Gwaggo ta zo da faifai, saboda ƙuda. Ni na faɗi miƙar, ita ta karɓi yaron, abin mamaki kuma bai ƙi ta ba. Da Inna ta kwanta, ƙanena ya dawo daga gona a guje yana kiran an manta da gishiri. Ya yi turus da ya ga wadda ke bakin ƙofa. Ya juya a hankali ya nemo gishirin da kansa.

Maƙwabciyarmu, mai takalman nan, ita ta fara lura da wannan. Tana da 'yan biyu da miji mai yawan kira. Ta leƙo ta kan danga ta ga yadda gidanmu yake yin tsit, kaji ma kamar sun sani. Ta ce ita ma ƙugunta yana damunta. Bayanta wata ta biyo, sannan wata. Ba duka ne masu ciwon baya ba. Sun dai gane cewa ƙofar da Gwaggo ta zauna a bakinta, ba yaro ba miji, ba mai zuwa ya ce a ba shi wani abu. Aka kwashe buhunan gero aka kai rumbu don wuri ya isa.

Ana gobe zan koma makaranta na tsaya a bayan Gwaggo ina kallo. Sun haddace miƙar, ba sa bukatar wayata. Mata huɗu a jere a kan daɓe, kai kudu, idanu a rufe, tafukan hannu suna kallon sama. Jariransu suna zube a jikin Gwaggo, ba mai kuka. Tana kaɗa faifai a hankali, tana bin fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa.

"Kin ga," ta ce min ƙasa-ƙasa, ba ta juyo ba. "Yanzu na san yadda kowacce take in tana da rai. Ranar da aka kira ni, ba zan yi kuskure ba."

Daga masallaci aka ji ladan yana gwada lasifika. Gwaggo ta ajiye faifan ta ce ya isa. Uku suka motsa, suka juya, suka tashi suna gyara ɗankwali, kowacce ta ɗauki nata. Inna ba ta motsa ba. Gwaggo ba ta maimaita ba, ta dai zauna tana kallon ƙafafun. Ni ma su nake kallo.

Sai yatsan ya motsa. Ta juya, ta zauna, ta miƙe tsaye ba ta dafa komai ba. Ta sunkuya ta ɗauki yaron ta saɓa a baya, ta fita tana tambayar wa ya bar akuya ta shiga madafa.